Korar Amatullahi Daga Banki

Inna Zaituna tana tsince shinkafa a tsakar gidansu na Kubwa, sai ga 'yarta Amatullahi ta shigo tun ba a kira azahar ba, idanu jawur.

"Ke, lafiya? Yau ba aiki?"

"Sun kore ni, Inna."

Duk shekara bankin da take aiki a Garki yana raba wa ma'aikata fom, kowa ya rubuta ɗan'uwa ko suruki da ke harka da bankin. To, Alhaji Ɗangoggo, mahaifin saurayinta Nazeer, shi ke kawo wa reshensu man janareto, takardunsa kuma ta ofishinta suke bi. An riga an kai gaisuwa, an sa rana. Da fom ya zo ta tambayi Inna, Inna ta ce, "Ki rubuta sunan surukinki gatsal da hannunki? Ba tarbiyyata ba ce wannan!" Sai ta bar gurbin fayau, daga baya kuma bankin ya gano alaƙar.

"Ba su tambaye ki dalili ba?"

"Ko kalma ɗaya. Oga ya miƙo takarda, maigadi ya raka ni ƙofa kamar ɓarauniya."

Washegari Nazeer ya kai ta wurin wata lauya, Madam Rita. Ta karanta takardar ta ce, "Kin yi kuskure, babu musu. Amma dokar bankin ta ce sai an ba ki takardar tuhuma, kwamiti ya zauna ya ji ta bakinki. Ba su yi ba. Kotun ma'aikata za mu."

Da Alhaji ya ji sai ya hau sama.

"Kotu? Shekarata talatin ina kasuwanci, ban taɓa taka ƙofar alƙali ba! In ta kai sunana can, babu aure."

"Baba, sunan naka ya riga ya fita," in ji Nazeer. "A kasuwa cewa ake yi da sa hannunta ka sami kwangilar."

"Ka rufe min baki!"

Nazeer ya isar mata da saƙon, kansa a ƙasa. Amatullahi ta yi kuka mai isarta, sannan ta ce, "Ina son ka, Allah ya sani. Amma da wannan takardar babu wanda zai sake ɗauka ta aiki. Ba zan shiga gidanku da sunan maciyar amana ba."

"To a je," ya ce. "Ni dai ba inda za ni."

Aka shigar da ƙara, Alhaji ya janye rana. Wata goma sha ɗaya ana ɗage zama. Amatullahi ta koma koyar da yaran unguwa lissafi. Nazeer bai yi wa mahaifinsa rashin kunya ba, kullum yana tsare masa shago, amma duk yarinyar da aka nuna masa sai ya ce a yi masa haƙuri. Inna kuwa ta daina cin abincin kirki, tana ta faɗin, "Ni na jawo miki."

Ranar shaida, abokiyar aikinta Felicity ta tsaya gaban alƙali ta ce, "Tun ranar da aka kai gaisuwarta, duk takardar Alhaji Ɗangoggo ni take turo wa. Ga sa hannuna." Aka duba, haka ne. Aka kuma ga kwangilar ta girmi shigarta bankin da shekara huɗu. Amatullahi ta amsa laifin barin gurbi da bakinta. Alƙali ya ce laifin na gargaɗi ne, kuma korar da aka yi ba a saurare ta ba haramtacciya ce. Aka soke takardar korar.

Ranar Juma'a Alhaji ya zo Kubwa da kansa, ya zauna kan tabarma yana ta gyaran murya.

"Yarinyar nan ta wanke ni, alhali ni na tsaya mata a hanya. Hajiya, a sake sa rana."

"A sa kusa," in ji Inna. "Yaran sun gaji."

Bayan mako uku aka ɗaura.

Ku 'yan mata, kunya ado ce, amma abin da doka ta ce a bayyana, ku bayyana. Ku iyaye, kada tsoron surutu ya sa ku danne haƙƙin 'yar mutane. Ku kuma masu riƙe da ofis, ko mai laifi ne ku ji ta bakinsa kafin ku yanke masa abinci. Allah zai tambaye ku.