An Cire Sunan Nari

Ranar da Pyo Nari ta fara ganin Seok Dujin, ba kowa ta zo gani ba, faɗa ta zo yi.

Safiyar Litinin ce a farkon watan Maris, makon da ake komawa makaranta. Ta sauko daga bas ɗin ƙauyensu na bakin teku, ta hau bene na uku inda ofishin tallafin karatu na lardi yake, ta ajiye wasiƙa a kan kanta ta danne da tafin hannu.

"Wa ya rubuta wannan?"

Saurayin da ke bayan kantar ya ɗago. Dogo ne siriri, tabaransa na ta zamewa a kan hanci. Ya dubi wasiƙar, ya dubi hannun da ya danne ta, hannun da wuƙa da ruwan sanyi suka bar wa ƙananan tabbai.

"Ni na buga hatimin," ya ce. "Amma ba ni na kafa dokar ba."

"To karanta min da bakinka. Wataƙila idona ne ya samu matsala."

Ya karanta mata. An rage kuɗin da lardi ke warewa, don haka daga bana tallafin na waɗanda suka shiga kwaleji cikin shekara biyu da gama sakandare ne kaɗai. Nari kuwa shekara biyar ta yi tana feɗe kifi a masana'anta bayan rasuwar mahaifiyarta, sai da ƙannenta suka tasa sannan ta shiga kwalejin koyon aikin jinya. Ta yi shekara biyu, saura biyu, kuma ita ce ta biyu a ajinsu.

"Wato laifina shi ne na yi aiki."

"Ban ce laifi ba ne, Nari-ssi," ya ce, yana ƙara wa sunanta "ssi" na girmamawa.

"Takardarka ta ce."

Dujin ya gyara tabarau, ya waiwayi ƙofar ofishin daraktansu, sannan ya rage murya.

"Akwai fom na ƙorafi, amma gaskiya zan faɗa miki, za a ƙi. Sai dai idan mutum dubu biyar na lardin nan suka sa hannu, dole majalisa ta zauna ta saurare ku. Ba sirri ba ne, yana cikin littafin dokokinmu, babu mai karantawa ne kawai."

"Mu nawa aka cire?"

"Kun haura ɗari uku."

Ta ɗauke wasiƙarta ta juya. Har ta kai bakin matakala ta dawo ta karanta sunan da ke katin wuyansa, ta tafi ba godiya. Shi kuwa ranar sau biyu yana buga hatimi a juye.

Nari ta koma masana'anta kwana uku a mako don ta riƙe gurbinta na zango ɗaya, abin da ƙarfinta zai iya ke nan. Duk Asabar kuma sai ta kafa tebur a ƙofar kasuwar kifi da takardu da biro. Wasu su sa hannu, wasu su ce, "Yarinya, wa ya taɓa kayar da ofis?" Sai ta ce, "Ni ce ta farko, sa hannu ka shiga tarihi."

A Asabar ta uku sai ga Dujin ba rigar aiki, riƙe da wainar kifi mai zafi a tsinke da kofin romo.

"Mai Hatimi, ɓata ka yi?"

"Wucewa nake yi."

"Daga birni, tafiyar awa ɗaya, ka wuce ta kasuwarmu?"

"Hanyar tana da kyau."

Ta yi dariya, karo na farko da ya ga haƙoranta. Aikinsa bai ba shi damar sa hannu ba, amma babu dokar da ta hana ma'aikaci riƙe lema. Haka ya yini tsaye a bayanta, matan kasuwa suna zunɗensa suna tambayar ko haya aka ɗauko shi.

Ranar Juma'a saƙo ya shigo wayarta.

"Nari-ssi, gobe za a yi ruwa daga ƙarfe goma na safe. Ki sa takardun a leda. Seok Dujin ne, na bene na uku."

Ta mayar masa: "Na san ko wane ne. Kai kaɗai ne kake rubuta wa mace saƙo kamar sanarwar gwamnati."

"To yaya ake rubutawa?"

"Ka ce kana son ganina."

Minti ashirin ya ɗauka kafin ya turo: "Ina son ganinki. Tun ranar Litinin ɗin da kika zo ofis nake son ganinki, mai taurin kaina."

Kafin furannin bazara su zube, Nari ta daina ce masa Dujin-ssi, ta koma oppa, kiran da budurwa ke yi wa saurayinta. Idan sun naɗe tebur sai su zauna a kan katangar tashar jiragen ruwa, yana yi mata tambayoyin jarrabawa daga littafinta yana kuskure sunayen ƙasusuwa, tana gyara masa.

"Idan aka ƙi fa?" ya tambaye ta wata rana.

"Sai in sake tarawa. Sai sun gaji da ganin fuskata."

"Ni ba zan gaji ba."

"Kai ba a tambaye ka ba," ta ce, amma ta bar hannunta a cikin nasa.

Labari bai daɗe ba ya isa gidaje biyu. Mahaifin Nari, Pyo Mansu, mai ƙaramin jirgin kamun kifi ne, mutum ne da ba ya maimaita magana.

"Wanda hatiminsa ke kan takardar da ta kore ki ba zai ci shinkafa a gidan nan ba."

"Appa, shi ya nuna min hanya."

"Ya sare ki sannan ya miƙo miki bandeji."

Can birni kuma Uwargida Eom, mahaifiyar Dujin, ta ajiye cokali tun kafin ya gama bayani.

"Shekara uku ka yi a ɗaki kamar akwati kana karatun jarrabawar aikin gwamnati. Ni na san miyar da na kai maka. Yanzu za ka zubar saboda yarinyar da ke yaƙi da ofishinku? Ga Haeri, 'yar daraktanku, malamar makaranta, mahaifinta da kansa ya yi min magana."

"Omma, Haeri ba ta da laifi, amma ba ita nake so ba."

"So? Idan an kore ka sai ka dafa son ka ci."

Byeon Haeri ba ta jira an kawo mata labari ba. Wata Asabar da Dujin bai samu zuwa ba, ta zo kasuwa da takalmi mai tsini tana tsallake ruwan kifi, ta tsaya a gaban teburin.

"Ke ce Pyo Nari? Ban zo faɗa ba. Na ga ya kamata ki san da wa kike tafiya."

Ta miƙa mata wayarta. Hoton takarda ne, jerin alƙaluman da aka kai wa majalisa aka kafa sabuwar doka da su, mai nuna yawan kuɗin da za a rage idan aka cire manyan ɗalibai. A ƙasa an rubuta sunan wanda ya shirya: Seok Dujin.

Nari ta karanta sau biyu, ta mayar mata da wayar.

"Na gode. Tunda kin zo, ga biro."

Haeri ta dube ta kamar ba ta ji daidai ba. Sai kuma ta karɓa ta sa hannu, ta tafi.

Sai da ta ɓace Nari ta ɗauko wayarta. Ta rubuta wa Dujin: "Ka ce hatimi kawai ka buga. Na ga sunanka. Kada ka sake zuwa kasuwa."

Ya amsa nan take: "Ni na shirya, ba zan musa ba. Amma shafi biyu na rubuta, ɗaya aka kai. Ki ba ni minti biyar."

Ba ta buɗe ba. Ta toshe lambarsa, ta ci gaba da aikinta. Ta bi cocin garin da gidan ibadar kan dutse, ta bi gidajen tsofaffi, ta shiga jirgi zuwa tsibirai. Idan kuka ya zo mata sai ta shiga ɗakin sanyi na masana'anta ta yi abinta, ta fito ta ce sanyi ne. A ƙarshen watan Mayu hannu dubu biyar da ɗari biyu suka cika.

Majalisa ta zauna a tsakiyar Yuni. Matan masana'anta suka cika benen 'yan kallo da takalman roba, kai tsaye daga aikin safe, har mai gadi ya ce su rage, suka ce ya nuna musu inda aka rubuta. Pyo Mansu na can ƙarshe da hularsa a gwiwa.

Aka ba Nari minti uku.

"An ce mun makara," ta ce. "Ina so ku tambaye mu inda muka tsaya. Ni na tsaya rainon ƙannena. Wannan da ke bayana ya tsaya jinyar mahaifinsa. Waccan ta haihu. Shekara biyar ana cire haraji daga albashina, ban taɓa jin an ce na tsufa da biya ba. Ba sadaka na zo roƙo ba. Kun yi mana alkawarin shekara huɗu, kuka janye a tsakiya. Ko kun mayar ko ba ku mayar ba zan zama nas, kuma wata rana ɗayanku zai kwanta a gadon da nake dubawa. Zan kula da shi da kyau. Amma zan tuna masa."

Sai takalman roba suka fara buga ƙasa.

Daga nan aka kira ofishin tallafi ya kare dokarsa. Darakta Byeon ya tura Dujin ya karanta alƙaluman. Ya karanta shafin farko har ƙarshe. Maimakon ya zauna, sai ya zaro wata takarda daga aljihu.

"Rahoton yana da shafi na biyu, kuma yana cikin kundin da kowa ke da ikon gani. Manyan ɗalibai sun fi kowa kammala karatu. Kuma a cikin goma, takwas suna zama su yi aiki a lardin nan, a asibitocin da muke kukan babu ma'aikata."

"Seok Dujin, zauna," in ji darakta.

"Saura layi uku, ranka ya daɗe."

Bai zauna ba sai da ya kai aya.

Ba duka aka samu ba. Majalisa ta mayar da tallafin duk wanda ya riga ya fara karatu, ta soke sharaɗin shekara biyu, amma kuɗin da aka rage bai dawo ba, don haka masu shiga nan gaba sai sun yi takara mai tsanani. Nari ta ce wannan faɗan baɗi ne. Dujin kuwa kafin mako ya zagayo aka mayar da shi wani ƙaramin ofis a tsibiri, tafiyar awa biyu a jirgin ruwa.

Ranar tafiyarsa ya tarar da ita a tasha tsaye kusa da jakarsa.

"Oppa, na karanta saƙon."

"Yaushe?"

"Bayan ka gama ba su kunya." Ta sunkuyar da kai. "Na yi maka hukunci ban saurare ka ba. Ka yafe min."

"Da tun farko na faɗa miki. Tsoro na ji kada ki kore ni."

"To ai na kore ka ɗin."

"Nari, ba ni da bene na uku yanzu. Tebur ɗaya ne da akuyoyi a waje. Za ki aure ni a haka?"

"Wa ya ce maka benen nake so?"

Pyo Mansu bai ce ya sauko ba. Cewa kawai ya yi a faɗa wa yaron nan ana neman mai taimako a jirgi ranar Lahadi. Dujin ya yi amai tun daga fita har dawowa, amma bai saki igiyar da aka ba shi ba. Da suka sauka tsohon ya dube shi ya ce, "Ba ka da amfani a ruwa. Zo mu ci abinci."

Uwargida Eom ta fi wuya. Sau uku Nari na zuwa gidanta da akwatin kifi, sau biyu ba a buɗe ƙofa ba. A na uku matar ta buɗe ta tsaya a bakin ƙofa.

"Kin jawo an jefa min ɗa tsibiri."

"Omonim," ta kira ta kamar yadda ake kiran uwar miji, "da ƙafarsa ya miƙe. Ke kika raine shi a haka, ni tarar da shi na yi."

Matar ta matsa gefe.

"Shigo da kifin kafin ya lalace."

An ɗaura auren a watan Afrilu na shekarar da ta biyo, Nari na ajin ƙarshe. A zauren ƙauye aka yi, matan masana'anta suka dafa taliyar biki a manyan tukwane, ɗaliban da aka mayar wa tallafi suka zo da bas biyu. Pyo Mansu ya riƙo hannun 'yarsa har gaban ango, ya daɗe bai saki ba.

Bayan an ci an sha, ango da amarya suka sa kayan gargajiya suka durƙusa gaban iyaye, suka riƙe farin ƙyalle a tsakaninsu don a jefa musu 'ya'yan magarya, kamar yadda muke yi don fatan zuriya. Uwargida Eom ta cika hannu biyu ta watsa, har suna zuba ƙasa. Sannan ta kamo hannun Nari.

"'Yata, waɗannan na nan gaba ne. Ki gama karatunki tukuna, jikoki sa jira. Ku zauna lafiya, ku tsufa tare, kada ɗayanku ya bar ɗaya ya tsaya shi kaɗai."

Nari ta sunkuya har goshinta ya taɓa ƙasa, Dujin na gefenta. Mu da muke zauren muka sa musu albarka da baki ɗaya.