Ƙwayar Ciwon Mara

Iklima ta dunƙule kan tabarma tana cizon bakin zanenta, zufa ta jiƙa mata kallabi. Amai na uku ke nan tun hantsi.

Wata huɗu rabonta da ibuprofen ɗin da sajifam, ungozomar asibiti, ta rubuta mata, ta ce ta riƙa sha bayan abinci da zarar al'ada ta zo. Lafiya lau take sha, har ranar da Sakina ta gan ta a farmasi, kantin magani na unguwar Lazaret. Ita Sakina ta daɗe da ƙyalla ido kan Abdoulkarim, saurayin Iklima, don haka ko cefanen ba ta ƙarasa ba ta kai wa mahaifiyarsa labari da zafinsa.

Uwar tasa, Hajiya Rahina, ta rantse ƙwayar nan daskarar da jini take a mahaifa. Ba za ta kai walis, akwatin aure, gidan mai kashe mata jikoki tun ba su zo ba.

Iklima ta daina sha. So ne, ba wauta ba, ko da yake wani lokaci kamarsu ɗaya.

Da aka ce Abdoulkarim yana sallama, da bin bango ta isa ƙofar gida.

"Sheri, masoyiyata... sannu. Ki daure, saura wata biyu biki. Hajiya ta ce da kin haihu shi ke nan."

"Tare muka je wajen sajifam. Da kunnenka ka ji ta ce bai hana haihuwa."

"Na ji."

"Ka faɗa ma Hajiya?"

Ya sunkuyar da kai yana juya makullin moto, babur ɗinsa.

Wannan ya fi marar yi mata ciwo. Wata huɗu tana birgima dominsa, shi magana ɗaya ta gagare shi!

Ta koma ciki, ta fito da kofin kunu da ƙwaya a tafin hannu. A gabansa ta kurɓa, ta haɗiye.

"Iklima! Haba masoyiyata... in ta tambaye ni fa?"

"Ka faɗa mata gaskiya, ko sau ɗaya."

Ya kuwa faɗa, amma wadda ta fi masa sauƙi: ta sha.

Kafin la'asar ɗan aike ya iso, Hajiya ta fasa auren. Lokacin marar ta lafa, Iklima har ta iya tashi zaune.

Sai a sannan ta samu ƙarfin yi masa kuka.