Jira Ko Fata

"Ajiye akwatin nan, 'yata, ki zo ki ci abinci."

Rumasa'u ba ta juyo ba. Doña Encarna, tsohuwar da ta sauke ta a gidanta na Granada a ƙasar Sifen, tana tsaye bakin ƙofa da ludayi a hannu.

Wata takwas ke nan da zuwanta daga Damagaram karatu. Ba a aji ta iya Sifaniyanci ba, a kicin ɗin tsohuwar nan ta iya shi, inda aka haramta mata Faransanci, aka riƙa tura ta kasuwa sayo tumatir da man zaitun har bakinta ya faɗa. Ismael, ɗan autan gidan, shi ke raka ta yana dariyar kurakuranta. Daga dariya sai aka wayi gari yana maganar aure.

Jiya yayarta ta bugo waya. Dangin marigayi mijin Rumasa'u sun ce tunda uwa ta zaɓi boko, ƙarshen wata za su ɗauke Ummita, 'yarta mai shekara huɗu.

Da ta ga Rumasa'u na haɗa kayan komawa gida, Encarna ta yi faɗa, ta ce saura wata biyu jarrabawa, wane irin taurin kai ne wannan. Rumasa'u ta ce jarrabawa ana sakewa.

"Mama... yarinyar nan ba ta cin abinci sai an yi mata wasa. Wa zai tsaya yi mata?"

Tsohuwar ta koma kicin ta naɗe mata burodi da cuku.

Ismael ne ya kai ta tasha da hantsi. Ya ce zai biyo ta, ta ce ya bar wa wa tsohuwa mai ciwon gwiwa? Ya ce to ta taho da yarinyar, ta ce dangin uban ba za su taɓa ba ta ita ba.

Da mota ta tsaya, ya ce a hankali, "Te espero."

Ta san kalmar. Ita ce jira, ita ce kuma fata.

"Wanne kake nufi, malamina? Jira ko fata?"

"A wurinmu ɗaya ne, rayuwata."

"A wurinmu biyu ne." Ta share ido da gefen mayafi. "Ka yi mini fata, Ismael. Kada ka jira ni."

Ta shiga ta zauna a kujerar da ba ta kusa da taga.