Ido Goma Sha Biyu

Da faɗa suka fara. Keken da ya ɗauko su daga Gidan Igwai ya faɗa rami, tabarau ɗin Zulaihatu ya zame ƙasa, saurayin da ke gefe yana gyara ƙafa ya taka shi.

"Bawan Allah, ba ka gani ne?"

"Ki yi haƙuri, 'yar'uwa. Sunana Mansur, likitan ido ne ni."

"To yau ka samo ma kanka aiki!"

Shi ya yanka mata sabon tabarau, mai kauri kamar gindin kwalba, don in babu shi ko fuskar mahaifinta ba ta ganewa. Kafin shekara ta zagayo an kai gaisuwa gidan mahaifinta, Alhaji Siddiƙu, baduku, wanda jakunkunansa na jar fatar akuya suka yi suna a tsohuwar kasuwa.

Ana cikin haka asibitin da Mansur ke aiki ya tura shi Indiya wata shida, ya koyo aikin ido da na'urar leza, wanda ke raba mutum da tabarau. Kullum saƙonsa na tafe: "Zulaina, yau na ga hannun malamata yana aiki kamar ba ta numfashi. Ina kewarki." Ita kuma ta mayar: "Likitana, koyo da kyau. Na gaji da 'yan makarantarmu da ke ce mini mai ido huɗu."

Alhaji kuwa bai bar kowa a layin dukawa bai ji ba. Surukinsa da kansa zai cire wa ɗiyarsa tabarau, sannan a ɗaura aure. Duk wanda ya san kasuwa ya san maganar da dattijo ya faɗa a gaban abokan sana'a ba ta komawa ciki da sauƙi.

Ranar da Mansur ya zo gaisuwar dawowa, ya zauna a ƙasa a zaure, ya sunkuyar da kai.

"Baba, a gafarce ni. Ba ni zan yi mata aikin ba."

"Mi ka ce?"

"Ido goma sha biyu na yi, kuma duk malamata na tsaye a kaina. Akwai Dakta Rahma a Abuja, ta yi dubbai. Wurinta nake so mu je."

Alhaji ya miƙe, hularsa har tana karkacewa. "Wata shida kana can kana cin shinkafar mutane, ka dawo ka ce mini ba ka iya ba? Ko dai kai likitan ƙarya ne, ko kuwa ka raina ni. Tashi ka ba ni wuri!"

Zulaihatu ta fi uban zafi. Ta rubuta masa: "Ka kunyata Baba a kasuwa. Idon bare goma sha biyu ka taɓa, nawa ne ba ka iyawa?"

Ya amsa: "Naki ne ba ni iya yin koyo da shi."

Ta karanta ta jefar da wayar kan katifa.

Dama akwai Abdulshakur, ɗan wani mai shagon yadi, wanda ya daɗe yana zagaye gidan. Kwana biyu sai ga shi da mota da albishir: abokinsa ya buɗe sabon asibiti, na'ura sabuwa fil, a shiga da safe a fito kafin azahar. Alhaji ya ce ranar Laraba a je, kuma wanda ya cire tabarau shi ke da mata.

Da labari ya kai wa Mansur, ransa ya ɓaci. Ya san mai asibitin nan. Kwas ɗin mako biyu ya yi. Ya rubuta mata: "Ki auri wanda kika ga dama, wallahi ba zan hana ki ba. Amma kafin ki kwanta ƙarƙashin na'urar nan, tambaye shi abu uku. Ido nawa ya yi da hannunsa? Ya auna kaurin saman ƙwayar idonki? In abu ya ɓaci, wa zai gyara?"

Ta karanta ta kashe wayar. Amma ranar Laraba, likitan na miƙo mata takardar sa hannu, tambayoyin suka fito da kansu.

"Likita, ido nawa ka yi?"

"Na'urar ta zamani ce, Hajiya, ita ke yin komi."

"Ba na'ura na tambaya ba. Kai, nawa ka yi?"

Likitan ya dubi Abdulshakur. Abdulshakur ya ce, "Haba Zulai, kina ba mutum kunya."

"Idona ne ko naka? Ko awo bai yi mini ba!" Ta ɗauki mayafinta ta fita, ta tari keke.

Kasuwa ta nufa kai tsaye. Alhaji na bakin rumfa da abokansa. A kan teburinsa akwai wata jar fata mai laushi da ya ajiye don jakar wani babban mutum. Zulaihatu ta gaishe su, ta shimfiɗa fatar, ta ɗauki wuƙarsa.

"Ke! Mi za ki yi?"

"Yanka zan yi, Baba. Tun ina ƙarama nake kallonka, na iya."

"Aje wuƙar nan! Kallo ne iyawa? Shekara bakwai ina yankan guntaye gaban ubana kafin ya bar ni in taɓa fata sukutum. Wanda duk ya ce miki ya iya cikin kwana biyu, maƙaryaci ne!"

Ta ajiye wuƙar a hankali. Hawaye ya taru a bayan tabarau.

"Wannan fatar akuya ce, Baba. In na ɓata ta, gobe majema za su kawo wata. Ni fa, wa zai kawo mini wani ido?"

Wani tsohon baduku ya yi gyaran murya ya kau da kai. Alhaji ya daɗe yana shafa fatar, sannan ya ce cikin faɗa, don bai iya saukowa ta wata hanya ba, "To kira min yaron nan mai taurin kai! Tsaye za ki yi kina kallona?"

Su uku suka je Abuja. Alhaji da kansa ya tsare Dakta Rahma da tambayar shekara nawa ta yi tana aikin da wanda ya koya mata, ta amsa masa tana dariya. Ta yi awa biyu tana awon idon Zulaihatu, sannan ta ture na'urar gefe.

"'Yata, ba zan yi miki ba. Saman ƙwayar idonki siriri ne ƙwarai. In aka kankare shi, ganinki zai yi ta lalacewa, tabarau ma ba zai gyara ba. Riƙe abinki."

Zulaihatu ta tuna takardar da ta kusa sa wa hannu, ta yi hamdala a ranta. A mota ta rubuta wa Mansur, alhali yana kujerar gaba: "Har yanzu ina fushi da kai. Za ka auri mai ido huɗu?"

"Da su na fara ganinki, hasken idona. Na ma taka biyu."

An ɗaura aure ranar Asabar a ƙofar gidan Alhaji, layin dukawa duk sun zo. Wani ya tsokane shi, "Alhaji, ina cire tabaran da ka yi mana alkawari?"

"Rufe mini baki! Surukina ya san abin da bai sani ba. Kai fa?"

Da za a kai amarya, ya miƙa mata wani ɗan gidan tabarau da ya ɗinka daga jar fatar nan, ya bar babban mutum yana jiran jakarsa.

"Allah ya yi muku albarka, ya tsare muku ganinku, ya ba ku zuri'a ta gari. Kai kuma Mansur, ka koma ka ci gaba da koyo. Ranar da ka cika ido dubu, zo ka duba nawa."