Wutar Aro

Da la'asar sakaliya wutar gidanmu ta mutu. Ba sakaci aka yi ba. Dusar ƙanƙarar da ta taru a kan rufi ce ta zame ta kafar hayaƙi, ta rufta cikin murhu gaba ɗaya. Muka ji ƙara kamar an tsoma ƙarfe mai zafi a ruwa, tururi ya cika ɗaki. Matata Taja ta tona tokar da hannu har ƙasa, ba ta sami garwashi ko ɗaya mai rai ba. Muka duba kangri ɗinmu, ƙananan kasaken wutar nan masu kwando da muke rungumewa a ƙarƙashin feran, babbar rigar ulu. Duk sun huce tun hantsi, domin gawayi ya yi ƙaranci muna tattalinsa. Ashana kuwa ta ƙare tun kafin hanyar birni ta toshe.

Turawan mishan da suka koyar da ni ina yaro sun hore mu da raba abin da ido ya gani da abin da kunne ya ji. Haka zan yi a nan, gwargwadon iyawata.

Mu huɗu ne a gidan: ni, da Taja, da mahaifiyata wadda muke kira Moji, da 'yarmu Zuni da ko zama ba ta fara ba. Saniya da tumaki suna ƙasan bene, ɗuminsu na hawowa ta tsakanin katako. Amma ɗumin saniya ba ya isar jaririyar da ƙirjinta ke kurari. Zuni ta kwana biyu tana numfashi da kyar. Da ɗakin ya fara hucewa sai leɓɓanta suka soma sauya launi.

Da mu biyar ne. Wana Lassa ya fita farkon sanyin nan don ya sauko da ciyawar da muka rataye a kan bishiyoyin bakin rafi, ƙanƙara ta zaftaro daga dutse ta rufe shi. Duk ƙauyukan kwarin suka taru aka yi ta tono, ba a same shi ba. Ba wanka, ba sallah, ba kabari. Moji ba ta yi kuka ba. Kullum da safe dai tana zuba shayin gishiri a kofinsa, ta bar shi har ya daskare.

"Tashi ka je gidan Samad Kak ka aro wuta," in ji Moji. "Kafin magariba."

Na ɗaura takalmin ciyawa, na zuba toka a kangri, na fita.

Gidan maƙwabcinmu Samad Kak, wato Baba Samad, yana ƙetaren rafi. Da rani kiran mutum ma ana ji daga can. Ranar kuwa ƙanƙara har cinya, sai da na yi ta kutsawa. Na tarar da tsohon yana shan taba a gindin murhu, jikokinsa sun zagaye shi.

"A'a, Malam Sula da kansa. Rufe mana ƙofa, ba mu gayyaci sanyi ba. Duk karatun nan, Turawan ba su koya maka kunna wuta da alƙalami ba?"

"Kak, yarinyar ce ba lafiya."

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Matarsa ta karɓi kangrin, ta zaɓi garwashi manya, ta rufe su da toka ta danne da ɗan cokalin ƙarfe.

"Ka kwana nan mana," in ji ta a hankali, duk da ta san amsar.

Samad Kak ya raka ni bakin ƙofa. Ya dubi sama, ya dubi gefen dutsen.

"Ka san ƙa'ida?"

"Na sani, Kak."

"Faɗa in ji."

"Wutar aro ba a buɗe ta a hanya, ba a raba ta, sai ta kama itacen gidan da za ta."

"Ko wa ya roƙa." Ya riƙe kafaɗata. "Ko wa, Sula."

Kowa a kwarinmu da wannan ya tashi. Akwai waɗanda ke zaune cikin ƙanƙara, masu jin ɗari, ba sa iya kunna wuta kuma ba sa daina nemanta. In ka buɗe musu toka, garwashin ya mutu nan take, kai ma ba lalle ka isa gida ba.

Na zare hannuwana daga hannun riga kamar yadda kowa ke yi, na rungume kangrin a cikina. Hannayen feran suna reto wofi a gefena. Ɗumi ya ratsa ni har na ji kamar in yi kuka.

Rana ta faɗi bayan dutse. Ƙanƙarar ta koma shuɗiya. Iska ta tsaya cak. Ba kare, ba hankaka, ba komai sai kukan takalmina: ƙuras, ƙuras.

Na taka gungumen da muke tsallake rafi a kansa. Daga nan hanya ta bi ta gindin tarin ƙanƙarar da ta zaftaro, tudu guda fari, rassan bishiya suna leƙowa daga cikinsa.

Sai na ji ƙanshin busasshiyar ciyawa.

Sabon ƙanshi, mai ƙarfi, kamar an kwance dami a gaban hancina. Tare da shi akwai warin jiƙaƙƙen ulu.

Na ƙara sauri.

"Ɗan Bature."

Raɗa ce, daga bayana, ta hagu. Mutum ɗaya ne a duniya yake kirana haka, tun ranar da na dawo daga makaranta da wando mai aljihu.

"Ɗan Bature, haka za ka wuce ni, ko sallama babu?"

Ban juya ba. Na soma karatu a zuci, amma ayoyin suka yi ta zamewa.

"Sanyi nake ji, ƙanena. Ɗan buɗe mini. Yatsu kawai zan ɗumama."

Na saurara da kyau. Takuna kaɗai nake ji. Muryar tana tafe da ni, ba ta da sawu.

"Ni na goya ka na tsallakar da kai rafin nan, kana ta fitsari a bayana. Ka manta? Ko rowa ce suka koya maka a birni?"

Ya yi 'yar dariyar nan tasa ta hanci. Sai dariyar ta karye, haƙora suka shiga kaɗawa.

A nan na lura da kangrin. Ɗazu yana ƙona mini ciki. Yanzu ɗumi-ɗumi ne kawai.

"Na daɗe a nan, Sula. Kun tona ta can, ni kuwa ina nan. Ina jin ku."

"Ba nawa ba ne," na ce, ban san na buɗe baki ba. "Na Zuni ne."



Sai aka kama hannun rigata na hagu.

Ba ja aka yi ba da farko. Riƙewa aka yi, kamar yadda yaro ke riƙe babba a kasuwa. Sannan na ji hannun rigar ya yi nauyi. Ya cika. Wani abu yana shigowa ta bakinsa, yana hawowa a hankali ta inda hannuna ya kamata ya kasance.

Yatsu suka taɓa haƙarƙarina.

Sanyinsu ya wuce na ƙanƙara. Suka zarce, suna laluben bakin kangrin.

Na ƙanƙame shi, na fizge da dukan jikina. Ulu ya yage. Na faɗi a kan gwiwa, na tashi, na kutsa. Ban san yadda na isa gida ba. Na dai san na danna ƙofar ƙasa, na sa sakata, saniya tana ta huci tana ja da baya har igiyarta ta miƙe.

A sama na tarar Taja ta karya keken kaɗin Moji, shi kaɗai ne busasshen itace da ya rage. Ta kwashe jiƙaƙƙiyar tokar murhu, ta jera guntayen. Zuni tana cikin rigarta, fata da fata, ba ta ko kuka.

Na buɗe tokar kangrin. Garwashin nan manya duk sun zama baƙi. Saura ɗaya, kamar ƙwayar wake.

Na ɗora shi a kan ɓaraguzan itace, na kwanta rub da ciki, na soma hurawa. Ya yi ja. Hayaƙi siriri ya tashi.

"Moji."

Muryar nan ce, daga bakin ƙofar ƙasa.

Garwashin ya dusashe a kan idona.

Taja ta dube ni, ta dubi yagaggen hannun rigata. 

Na hura. Ya ɗan farfaɗo.

"Moji, sanyi."

Ya sake dusashewa. Duk sanda muryar ta yi magana sai jan ya ragu, kuma ba ya komawa yadda yake.

Moji ta miƙe.

"Ba shi ba ne, Moji," in ji Taja cikin raɗa. "Don Allah ki zauna. Wutar yake so."

"Ba zan ba shi ba. Wutar ta Zuni ce." Ta gyara ɗankwalinta. Ta dubi ƙeyata. "Kai, hura. Kada ka ɗaga kai. In ka biyo ni ban yafe ba."

In na ɗaga bakina na ɗan lokaci garwashin zai mutu. Hannuwan Taja na riƙe da Zuni. Na ci gaba da hurawa, ina jin matakalar katako tana kuka a ƙarƙashin ƙafar mahaifiyata.

Sakata ta zame.

Sanyi ya hawo ta tsakanin katako kamar ruwa.

Garwashin ya koma ɗigo.

Sai na ji muryarta, ba tsoro a ciki, irin wadda take yi mana muna yara in mun dawo daga wasa yatsunmu sun sandare, ta ɗaga gaban feran ɗinta mu shige.

"Zo nan, ja'iri. Wa ya ce ka daɗe a waje? Shigo ciki."

Haƙoran nan suka yi ta kaɗawa. Suka rage. Suka daina.

Ɗigon ya yi ja. Ya faɗaɗa. Ɓaraguzai suka kama, harshen wuta ya lashi ƙafar keken kaɗi, itacen ya yi ƙara ya karɓa.

Wuta ta zama ta gida.

Na zari itace mai ci na sauka da gudu. Abin da ya biyo baya da idona na gan shi. Moji tana zaune a kan dokin ƙofa, ƙafafunta cikin ƙanƙara. Moji ƙaramar mace ce, amma feran ɗinta ya kumbura, ya cika tam, kamar ƙaton mutum ya durƙusa a ciki ya kwantar da kai a ƙirjinta. Hannuwanta na zagaye da shi. Tana jijjigawa, tana bubbuga bayansa.

Da hasken ya kai gare ta, rigar ta lotsa a hankali har ta kwanta a jikinta.

A gaban ƙofa babu sawu sai nawa.

"Yi a hankali," ta ce. "Ya samu barci."

Na ɗauke ta na hau da ita. Ba ta da nauyi, amma ƙirjinta ta cikin ulu sanyi ƙalau kamar dutsen rafi.

Zuni ta yi gumi kafin asuba, ta nemi nono. Yanzu ita ma tana da jikoki.

Moji ba ta sake karɓar kangri ba. In an miƙa mata sai ta ce wurin da mutum. Ba ta sake ɗaukar Zuni ba kuma, daga nesa take yi mata wasa, wai kada ta sa mata sanyi. Kofin Lassa ta wanke shi ta kife. Ta rasu a makon da rafi ya soma gudu.

Bayan haka kaɗan tudun ƙanƙarar ya narke muka sami Lassa, dab da hanya, nesa da inda aka tona. Liman ya ce abin da na ji aljani ne ya ari muryarsa, mamaci ba ya dawowa. Ban yi masa musu ba, kuma har yau ba na yi. Na dai ga yadda muka same shi. Wanda ƙanƙara ta rufta wa a warwatse ake samunsa, baki buɗe. Lassa a durƙushe yake, ya naɗe jikinsa, kansa ya karkata gefe, fuskarsa a sake. Da masu wanka suka buɗe yatsunsa na dama, suka ciro tsumman ulu mai ruwan toka. Taja ta gane ɗinkinta, na hannun rigata ne.

Muka binne shi kusa da Moji.

Yanzu akwai ashana a kowane ɗaki na gidan, akwai kuma hanyar mota har bakin rafi. Jikokin Zuni suna yi mini dariya, wai ni kaɗai ne tsoho a kwarin nan da ke riƙe kangri a waje, yatsu na daskarewa. Ina barinsu su yi dariyarsu. Tun daga wannan magaribar, komai tsananin sanyi, ban sake barin hannun rigata wofi ba.