Ƙanzon Tukunyar Kufai

Tun daga bakin ƙofa 'Yar Burushi ta jiyo ƙarar soson waya a bayan gida. Ba ta kawo komai a ranta ba, don Hajiya, uwar mijinta, in ta wuni ba ta sami abin kankarewa ba ciwon kai take yi. Ta ajiye ledar cefane a falo, sai ta hangi ɗakin littattafai a buɗe, makulli na lilo a jikin ƙofa. Ta leƙa. Kwalin da ta adana wata tukunya a ciki yana nan a wangale, audugar cikinsa a warwatse a ƙasa.

Ta fita da gudu ko takalmi babu. Hajiya na zaune gaban famfo, kumfa har gwiwar hannu, ga tukunyar a tsakanin ƙafafunta ta fito jajawur.

"Yawwa, kin dawo," in ji Hajiya tana murmushi. "Zo ki ga yadda ake aiki. Tun hantsi na jiƙa ta a ruwan zafi, da ƙyar ƙanzon nan ya bar ta. Ke dai ba ki ji kunya ba, tukunya baƙa ƙirin cikin littattafan ɗana, har da yi mata shimfiɗar auduga kamar jaririya."

'Yar Burushi ta bi baƙin ruwan da ke gangarawa kwata da kallo.

To, wannan ba tukunyar girki ba ce. Mijinta, wanda Hajiya ke kira Dakta tun ranar da ya fara karatun digiri na uku, ya yi rani bayan rani yana haƙa a wani kufai da mutanensa suka tashi tun zamanin da ba wanda ya sani. Tsingaro ya tara buhu-buhu, amma tukunya sukutum guda ɗaya tak ya samu, da ƙanzon abincin ƙarshe manne a gindinta. Da wannan ƙanzo za a gano a ɗakin gwaji abin da mutanen suke ci da zamanin da suka rayu, kuma a kansa duk digirin ya rataya.

Ita kuwa aikinta ke nan, kula da kayan tarihi a gidan adana su na jami'a. Da ɗan burushi mai laushi take share ƙasa a jikin kaya, shi ya sa Hajiya ta laƙaba mata wannan suna. A cikin ramin haƙa suka san juna da Dakta, yana miƙo mata tsingaro tana yi masa faɗan ya riƙe a hankali, har faɗan ya zama aure. Da suka dawo da tukunyar sai suka tarar ana yajin aiki, an garƙame ɗakin gwaji. Farfesa, shugaban sashensu, ya ce ta tafi da ita gida, amana ce a hannunta. Kullum ɗakin littattafan da ta ajiye ta a kulle yake. Da safen nan Dakta ya karɓi makulli zai ɗauki kwamfutarsa, ya yi gaba ya bar shi a ƙofa.

Da ya dawo ya ga abin da ya faru, zama ya yi daɓas a bakin gado ya dafe kai.

"Shi ke nan, na gama yawo," ya ce. "Kin faɗa mata?"

"Ban iya cewa komai ba. Kai za ka yi mata bayani, a hankali."

"In ce mata me? In ce uwata ta kankare min wahalar shekaru ta zuba a kwata? Kin san hawan jininta."

Maimakon ya shiga wajen Hajiya, sai ya kira yayansa a waya. Kafin la'asar Yaya Babba ya iso, ya zauna a falo ya harɗe ƙafa, ya sa aka kira 'Yar Burushi.

"Ƙanwata, magana ɗaya ce. Hajiya ba za ta ji wannan zancen ba, jami'a ma ba za ta ji sunan Hajiya ba. So kike a riƙa nuna ɗan'uwana da baki ana cewa ga wanda gyatumarsa ta wanke masa digiri? In kuma aka ji shi ya bar ƙofa a buɗe, su ƙwace izinin haƙar, ya kama ina?"

"Yaya, to wa za a ce ya wanke?"

"Ai a hannunki aka ba da ajiya."

"Ni fa aikina ke nan. Abu na farko da nake koya wa ɗalibai shi ne kada ruwa ya taɓa kayan da aka haƙo. In aka ce ni na yi, na mutu a wurin nan."

"Haba, wace irin mutuwa? Mace in aiki ya ƙi tana da ɗakin mijinta. Shi fa?"

Ta juya ta dubi Dakta. Ya matso, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Filis, Burushina. Ba na ce ki yi ƙarya ba. Ki bari dai mu je, in abin ya yi zafi ni zan tashi in yi magana. Na yi miki alkawari."

Ta yarda, don tana sonsa, kuma har lokacin ba ta taɓa kama shi da saɓa alkawari ba.

Da aka janye yajin aiki kwamiti ya zauna. Aka ɗora tukunyar a tsakiyar teburi tana ta ƙyalli, har ƙamshin sabulu bai gama barinta ba. Farfesa ya sa safar hannu ya juya ta, ya ga zanen soson waya a cikinta, ya cire tabarau ya goge ido.

"Wa ya yi wannan aikin?"

'Yar Burushi ta ɗaga kai ta dubi mijinta a ɗaya gefen teburin. Ga zafin da ya ce, ya zo. Ta jira. Dakta ya sunkuyar da kai yana murza biro, kamar ba da shi ake ba. Ta ƙara jira, har wani malami ya yi gyaran murya.

"Ranka ya daɗe," ta ce, "a hannuna ka ba da amana, a hannuna ta lalace."

"Ke? Ke da nake turo miki ɗalibai?" Farfesa ya girgiza kai. "Da wani ne ya gaya min, da na ce hassada ce."

Ba a kore ta ba, amma da korar da wannan ba ta san wanne ya fi ba. Aka karɓe makullan ɗakin gwaji, aka mai da ita bakin ƙofar gidan tarihin tana yaga tikiti. Kwas ɗin da aka zaɓe ta za ta je ƙasar waje aka ba wani. Ɗaliban da a da suke rusuna mata suka sa mata Anti Soso, in sun zo wucewa sai wani ya murza tafin hannu a bango su tuntsire da dariya. Ita dai sai ta yaga tikiti ta miƙa.

Na gida ya fi ciwo. Hajiya ta ji an sauke surukarta daga muƙaminta, ba ta san dalili ba, sai ta samo nata.

"Ai dama. Wadda tukunya ɗaya ta gagare ta wankewa a gida, me za ta tsinana a ofis? Dakta, haƙurinka ya yi yawa."

Dakta sai ya ce, "Hajiya, a bar zancen," ya ci gaba da cin abincinsa. Ita kuma ta shige kicin ta kunna famfo don kada a ji kukanta. Sau nawa maganar tana zuwa mata har maƙogwaro, sai ta ga tsohuwar tana lalubar maganinta, ta haɗiye. Hajiya ba da mugunta ta yi ba, tsafta ce ta sani, ita ta yi. Dakta da ya san komai shi ne ke dawowa da turare da takalma yana cewa, "Sori, komai zai wuce." Ta riƙa jera su a saman durowa ko leda ba ta cirewa. Tana yi masa girki, tana goge masa kaya, amma hirar nan da suke yi ta kufai da mutanen dauri har abinci ya huce, ta mutu murus.

Shi kam Farfesa tausayin Dakta ya ji, a ganinsa matarsa ce ta cuce shi. Ya taimaka masa ya juya binciken zuwa kan zanen da ke jikin tsingaro, a haka ya lallaɓa ya gama. Dakta ya zama Dakta na gaske.

Wata ranar hutu da yamma Farfesa ya zo gida taya murna. 'Yar Burushi ta kawo shayi ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa a daƙile. Hajiya kuwa ta ci ado ta zauna kusa da ɗanta, baki har kunne.

"Malam, Allah ya saka da alheri. Amma fa ni ma da hannuna a digirin nan, a rubuta."

Farfesa ya yi dariya. "Ai addu'ar uwa ita ce kan gaba, Hajiya."

"Ban da addu'a. Tukunyar nan taku da aka kawo, wa ya fito muku da ita fes? Da na biye wa wannan," ta nuna surukarta da haɓa, "da haka za a kai muku ita da ƙanzo kamar ta gidan ƙazama. Soso biyu na kashe a kanta."

Kofin ya tsaya a hannun Farfesa. Dakta ya yi wuf ya ce, "Hajiya, lokacin maganinki..."

"Dakata," in ji Farfesa. Ya ajiye kofin a hankali. "Hajiya, ke kika wanke ta?"

"Da hannun nan nawa. Dakta ya bar min ɗakin a buɗe, na ce bari in taimaka." Ta dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, murmushin ya fara gushewa. "Lafiya? Wani abu ne?"

Farfesa mutum ne mai ladabi. Ya yi mata bayani a tsanake, abin da ƙanzon yake nufi, da abin da aka rasa, da wadda ta ɗauki laifin, da abin da aka yi mata. 'Yar Burushi na tsaye rungume da faranti, tana jiran tsohuwar ta yanke jiki ta faɗi kamar yadda aka yi ta tsorata ta. Hajiya ba ta faɗi ba. Ta gyara zama ta juya ga ɗanta.

"Gaskiya ne?"

"Hajiya, lafiyarki muka duba, ni da Yaya..."

"Rufe min baki. Lafiyata ko kunyarka? Na binne ubanku ban mutu ba, sai tukunya ce za ta kashe ni? Da ka gaya min ranar, da na yafa mayafi na je na ce ni ce, tsohuwa ce ban sani ba, wa zai daki tsohuwa? Sai ka zuba min ido ina cin mutuncin 'yar mutane safe da yamma, kana gefe kana cin abincin da ta dafa. Ka ɗora min alhaki ina zaune."

Ta miƙe da ƙyar, ta karɓi farantin daga hannun surukarta ta ajiye, ta kama hannuwanta biyu. Hawaye na bin kuncinta.

"'Yata, ki yafe min. Bakina ya cuce ki."

Kukan da 'Yar Burushi ta daɗe tana ɓoyewa a bayan ƙarar famfo ya ƙwace mata a gaban kowa. Farfesa ya tashi ya tsaya a gabanta, shi ma ya nemi gafara. Da zai fita bai ba Dakta hannu ba.

An mayar mata da makullanta, Farfesa ya tara ma'aikata da ɗalibai ya wanke ta tas. Kwas ɗin dai ya wuce, wanda aka tura har ya dawo. A gida Hajiya ta hana kowa sakat a kanta, Yaya Babba ma sai da ya zo ya durƙusa ya sha faɗa kamar yaro.

Dakta ya same ta a ɗaki tana ninke kaya. Ya matso ya tsaya a gefenta.

"In kin ce za ki tafi, ba ni da bakin hana ki. Amma don Allah ki yafe min."

"Na yafe," ta ce, ba ta daina ninkin ba. "Kuma ba inda za ni. Amma ka sani, ba tikitin ne ya ƙona min rai ba, ba kuma dariyar yara ba. Da ka buɗe baki a gaban kwamitin nan, ko korar mu aka yi tare, da murna zan bi ka mu ci duk abin da Allah ya hore. Ni da kaina zan ma iya cewa ka yi shiru in ɗauka. So nake kawai in ga ka yunƙura."

"Zan gyara, wallahi."

"Allah ya sa. Girkinka da girmanka ba za ka rasa ba. Amma in ka ce min ka yi alkawari, kada ka ji haushi in na yi shiru."

Haƙurinta ya dawo mata da sunanta, ya kuma ba ta uwa a inda ta zaci ba za ta taɓa samu ba. Shi kuwa ya sami digirin da yake so, yana kuma nan yana neman yardar matarsa, abin da aka ba shi kyauta tun farko. Samari, ku ji da kyau: biyayya ga uwa ba ta ce a zalunci mata ba, kuma duk wanda ya ɓuya a bayan matarsa ranar tsoro, ko ta yafe masa, ta riga ta ga iyakarsa.