Ranar da Kwamfuta Ta Rufe Ƙofofinta

A wata makaranta a Batsari akwai wata yarinya mai kaifin kai. Abu ɗaya ne aibinta. Da ta ga an yi abu, sai ta ce ta iya.

Kwamfuta ɗaya ce a makarantar. Malam Sammani ne yake kula da ita.

Wata rana da safe ya ce, "Yau ɗaliban ƙauyen Tsaskiya za su zo gwajin jarrabawa a kwamfutar nan. Kada kowa ya taɓa ta."

Yarinyar ta yi murna, domin yayanta Nazifi yana cikinsu. A ƙauyensu babu kwamfuta.

Da aka fita tara, ƙawarta Mahfuza ta nuna mata filash, ɗan abin ajiye hotuna da ake sokawa a ƙofar kwamfuta. "Hotunan sunan ƙanena ne. Na taɓa sa shi, kwamfutar ta ƙi gani."

"Wannan ai kamar shan ruwa ne!" in ji yarinyar. "Na ga inda Malam yake buɗe ƙofofinta."

Ta kunna kwamfutar, ta yi ta danna wani maɓalli. Shuɗin allo ya bayyana. Nan ne ake kira Bayos, inda ake gaya wa kwamfuta abin da za ta karɓa da abin da za ta ƙi.

Ta ga inda aka rubuta USB, wato sunan ƙofofin da ake soka filash. Ba ta tsaya karanta sauran ba. Ta canza, ta adana, tana taƙama.

Kwamfutar ta sake tashi. Ta motsa linzami, abin da ake nuni da shi a allo, shiru. Ta danna kibod, wato maɓallan rubutu, shiru. Ashe duk ƙofofin ta rufe, har waɗanda kibod da linzami suke ciki. Ko komawa Bayos ba za ta iya ba!

Sai ga ƙarar babura. 'Yan Tsaskiya sun iso, ƙafafunsu duk taɓo. Nazifi ya ɗaga mata hannu yana murmushi. Kunya ta rufe ta, hankalinta ya tashi.

Malam ya gwada, ya sake gwadawa. "Ikon Allah! In ta lalace ne, sai dai a kai ta Katsina. Yau babu gwaji ke nan."

Yarinyar ta durƙusa. "Malam, ba lalacewa ta yi ba. Ni na shiga Bayos, na taɓa wajen USB."

"Wa ya aike ki?"

"Babu kowa, Malam. Na ɗauka na iya."

Malam ya girgiza kai. "Da kin yi shiru, da yayanki ya koma gida hannu rabbana. Maza je sito, ɗauko tsohon kibod ɗin nan mai zagayayyen baki."

Shi ne wanda take yi wa dariya, tana ce masa kakan kibod. Ƙofarsa daban ce, ba ta rufu ba. Malam ya jona shi, ya sake kunna kwamfutar, ya shiga Bayos.

"Zo ki karanta a hankali. Wannan yana nufin a buɗe. Wannan a rufe. Wanne za mu zaɓa?"

"A buɗe, Malam."

Linzami ya motsa. Ajin ya ɗauki tafi. Nazifi ya zauna gwajinsa, ita kuma aka sa ta sharar ɗakin, ta yi ba gunaguni.

Da za su tafi, Nazifi ya tsokane ta. "To, injiniya, sai yaushe?"

Ta yi dariya. "Yaya, sai na koya tukuna."

Daga ranar ta gane cewa gani ba iyawa ba ne. In ba ka sani ba, ka tambaya. Matambayi ba ya ɓata.